Kwali a Ƙofar Minista

Shekara talatin da ɗaya ina sassaƙa suna a tagulla
a wani lungu na Sofiya, bayan layin jirgin titi.
In gwamnati ta faɗi, ni kasuwata ta buɗe:
kowace ƙofa sai ta sake suna,
kowane suna sai ya bi ta hannuna kafin rantsuwa.

Ran nan majalisa ta watse.
Jam'iyyu uku sun kwana suna jan kujera ɗaya
har kujerar ta gaji da su.
Da safe sai ga Tsvetana ta ofishin firayim minista,
ƙanƙara a kafaɗar kwat ɗinta, takarda a hannu.
Na ɗauko guduma. Ta ce, "Lyuben, ajiye.
Kwali za ka yanka mana.
Na riƙon ƙwarya ne, wata biyu, sai wucewa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.
Kwali ai aikin mai sayar da tumatir ne.

Su goma sha bakwai, na ƙirga da yatsa.
A sama tsohon alƙali, Strahil Bonev,
daga gonar inabinsa aka taso shi,
an ce ranar da ya ɗaga hannu akwai ƙasa a farcensa.
Kuɗi aka ba Nevena, mai binciken lissafi,
wadda ke zuwa da abincin rana a ƙunshe daga gida.
Lafiya, wani likitan yara daga Pleven
da ya ƙi sakin asibitinsa na ranar Laraba.
Sufuri, injiniyan jirgin ƙasa mai kunne ɗaya,
sai an zagayo ta hagunsa yake jin gaisuwa.

Mata biyar, maza goma sha biyu.
Babu mai katin jam'iyya a cikinsu,
ko kuwa yana aljihun ciki, Allah masani.
Na noma kwana tara ya yi ya ajiye.
Ban yanka sabo ba,
na juya nasa, na rubuta magajinsa a baya.
Suna biyu, kwali ɗaya, ƙofar ba ta yi ƙorafi ba.

Me suka yi? Ba a ba su ikon kafa doka ba,
ba su aza harsashin komai ba.
Sun biya malamai, sun sayo gas kafin sanyi ya ƙare mu,
sun buga takardun zaɓe, sun ƙirga akwatuna.
Fanshon matata Yordanka ya zo ran bakwai ga wata
har ta tsaya tana duban kalanda da mamaki.
Jaridu sun zage su da safe,
da yamma sun manta sunan wanda suke zagi,
sai hoton alƙali yana jiran jirgin titi da lema,
shi ma an ce yaudara ce, don a gani a yaba.

Kwana hamsin da takwas.
Ƙanƙarar Vitosha ta fara ja da baya,
aka yi zaɓe, aka rantsar da masu zama.
Oda ta zo: tagulla, mai kauri, harufa manya,
ɗaya ma ya aiko a ƙara masa "Farfesa".
Na kwana uku ina bugu, hannuna na rawa don murna,
ciniki ai ciniki ne, ban ƙi karɓa ba.

Tsvetana ta dawo da kwalayen a ɗaure da roba.
Tsofaffin tagulla nakan narkar, in zuba wani suna.
Waɗannan na rasa yadda zan yi da su,
na tura su aljihun tebur, ƙarƙashin rasit.

Ranar Asabar wani tsoho ya shigo, takalminsa duk taɓo.
Sai da ya yi magana na gane shi.
Ya ce, "Nawa yana nan?" Na miƙa masa.
Ya auna shi da tafin hannu, tsaye da kwance,
ya ce tagar bukkar gonarsa ta fashe a kusurwa,
wannan zai toshe iska kafin mai gilashi ya zo.
Ya tambayi kuɗi. Na ce a'a. Ya ajiye a kan kanta,
ya fita, ya tsaya a layi tare da masu jiran hawa.